'Yan Matan Baba

Ran da Dakta, shugabar sashenmu, ta kira ni ofis ta ce za a rufe ɗakin ƙwari, ban yi mata gardama ba. Abin ya ba ta mamaki, don ta san bakina. Na ga alama ta shirya wa faɗa, har ruwan sanyi ta ajiye mini a kan tebur. Ta ce binciken ya zo ƙarshe, an rubuta duk abin da za a rubuta, tsohon ginin za a mai da shi ofisoshi, sabon da za mu koma kuwa ba a yi masa ɗakin ƙwari ba. Abin da ake bukata daga jikin ƙwarin an riga an ɗiba an adana. Masu ran kuma, ranar Litinin za a saka su a firiza, sanyi ya ɗauke su cikin barci.

"Na san tarihinsu, Anti," in ji ta. "Wallahi na tambayi wasu jami'o'in ko akwai mai so, kowa ya ce ba shi da wurin ajiyewa."

"Ba komai, Dakta. Alfarma ɗaya nake nema. Ranar Asabar ina so in kawo mahaifina ya gan su."

Ta gyaɗa kai, don ta san halin da yake ciki. Sannan ta ce in kawo shi.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a sashen nazarin tsirrai na jami'a. Ba mu ne ke rubuta takardun bincike ba, ba mu ne ake ɗauka hoto a wurin taro ba. Mu ne masu wanke kwalabe, masu shuka, masu dafa kayan aiki a tukunyar tururi, masu sanin wace firiza ce ke fushi in an ɗauke wuta. Aikin nan gadonsa na yi daga Baba, har da kujerarsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda ake tokarewa da murfin kwalba. Amma babban abin da ya bar mini shi ne darɓa, ƙananan ƙwarin nan kore da ke maƙalewa a bayan ganyen wake suna tsotse ruwansa. Kowace ba ta kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

A cikin cikinsu akwai wata irin bakteriya da ido ba ya gani. Ita ke taimaka musu su jure zafi, kuma malamai sun so su gane ko tana da hannu a yadda wake ke kasa kare kansa. Wannan zaman na su uku, wake da ƙwaro da baƙon da ke cikin ƙwaro, shi aka kwashe shekaru ana bincike a kai. Matsalar ita ce baƙon nan ɗan gata ne. Duk dabarar da muka yi ya ƙi tsira a farantin gwaji kamar 'yan uwansa, sai a cikin ƙwaro mai rai. Don haka dole duk mako wani ya kwashe ƙwarin daga tsohon wake zuwa sabo, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan buroshi mai siririn baki irin na masu zane. Aikin bai san hutu ba, bai san yajin aiki ba, bai san zazzaɓi ba.

Dukansu mata ne, kuma ba ruwansu da namiji kafin su haihu. Uwa ta haifi 'ya, kafin ka farga 'yar ita ma ta fara. Kuma duk tsatson uwa ɗaya ne, wadda Baba ya tsinto a gonar gwaji ta bayan gini a shekarar da aka haife ni. Shi ya sa yake cewa ni da su sa'o'in juna ne. A sashe kowa 'yan matan Baba yake ce musu. Mama, Allah ya ji ƙanta, takan ce mahaifinmu na da 'ya'ya mata dubu, amma ni da Yaya ne kaɗai muke kashe takalma.

Saboda su ne ba a sa kaya rawaya a gidanmu. In darɓa ta yi fuka-fuki tana bin launin rawaya, Baba kuwa ya ce ba zai yarda wata ta maƙale a rigarsa ta fita yawo ba. Dokar ta ɗakin ƙwari ce, amma ya kwaso ta har gida, ya ce kada ido ya saba. Mama na da wani mayafi rawaya fes da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ba ta fito da shi sai sun yi faɗa. In muka tashi da safe muka gan shi a kafaɗarta tana shara, ni da Yaya sai mu kalli juna mu shiga taitayinmu. Baba kuwa sai ya sha shayinsa yana kallon bango, kamar bangon ne ya yi masa magana.

Tun ina ƙarama yake goya ni a babur ran Asabar mu tafi ɗakin ƙwari. Yaya ba ta zuwa, ta ce warin jiƙaƙƙiyar ƙasa na sa ta amai. Ni kuwa a gida an gaji da ni, duk abin da na taɓa sai ya fashe, don haka a ganina fitar da ni ake yi Mama ta huta. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, da ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, da ɗan lungu a tsakani wanda mutum biyu ba sa tsayawa sai sun matsu. Ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗayar, don kada mai fuka-fuki ta samu hanya. In mun gama mun fito, mun hau babur, mun zo daidai ƙofar jami'a, sai ya rage gudu ya ce, "Fisgau, kin rufe ƙofar ciki?" Alhali a gabansa na rufe, har ya sa hannu ya tura ya ji. In ce, "Na rufe, Baba." Ya ce, "Kin tabbata?" In ce na tabbata. Wani lokacin duk da haka sai ya juya babur mu koma mu duba, ni ina bayansa ina kumbure-kumbure.

Sunan Fisgau a ɗakin nan na samo shi, kuma duk duniya ba mai kirana da shi sai shi. In darɓa na cin abinci, tana soka bakinta ne can cikin ganye, wani siririn abu da ya fi gashi siranta. In ka fisge ta, bakin sai ya karye ya tsaya a ganyen. Za ka gan ta a kan sabon wake tana tafiyarta lafiya lau, ka ɗauka ba abin da ya same ta, sai daga baya yunwa ta kashe ta tana zaune a kan abinci. Abin da ake yi shi ne ka taɓa bayanta da bakin buroshi a hankali, ka dakata. Ka sake taɓawa, ka sake dakatawa. In ta ga dama da kanta za ta zare bakin, ta ɗan motsa, ta taka ta hau buroshin. Ni kuwa jira ne Allah bai ba ni ba. In taɓa sau ɗaya, in ga ta yi banza da ni, sai in kwashe ta kamar ana kora ta. Baba ya dafe kai ya ce, "Wannan kuma kin aika ta lahira da ƙafarta." Sai da na girma, na yi karatu, na karɓi aikin, sannan hannuna ya koyi jira. Hannun kaɗai fa. Sauran jikin yana nan yadda aka haife shi, mijina ma shaida ne.

Mantuwar Baba da makullai ta fara, muka yi ta yi masa dariya. Daga nan ta ci hanyar gida, ta ci ranakun mako, ta ci rasuwar Mama, har ya riƙa tambaya ko ta dawo daga kasuwa. Yaya ta ɗauke shi ya koma wurinta. Ita yana ɗan gane ta, don kullum tana gabansa, ko da yake wani lokacin ƙanwarsa yake ɗaukarta. Ni ce na ɓace masa gaba ɗaya. Ni da na hau bayan baburinsa, ni da nake zaune a kujerarsa. In na shiga ɗakinsa a gidan Yaya sai ya yunƙura zai tashi ya ba ni wuri, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Ladabin nan shi ya fi ci mini rai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya nake so, ba na kuma jin kunyar faɗa: ya dube ni sau ɗaya tak, ya san ni ce. Na kawo hotuna na baza masa a cinya. Na kawo 'ya'yana na jera su a gabansa. In durƙusa in kama hannunsa in ce, "Baba, dube ni da kyau. Wace ce ni?" Sai ya yi murmushin nan na wanda aka ritsa, ya juya yana neman Yaya da ido, kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo bai yi karatu ba. Bayan na tafi, in ji Yaya, sai ya wuni ba ya cin abinci, yana tambaya ko wani laifi ya yi wa matar nan.

"Ki daina yi masa jarrabawa," in ji ta. "Ke kike fita da kuka, shi ki bar mini shi da tsoro."

"Ke ai kina da bakin magana, tunda ke ya san ki."

"Ya san ni? Jiya cewa ya yi in gaida babanmu, yana nufin kakanmu. Ni dai amsawa nake yi."

Da na gaya mata maganar Asabar, sai ta ajiye wankin da take yi ta dube ni sama da ƙasa.

"Za ki kai shi ya ga ana kashe masa 'ya'ya?"

"Ba ranar za a yi ba. Kuma ba zan gaya masa ba."

"In ya rikice miki a can fa?"

"In dawo miki da kayanki."

"Na san abin da kike nema, Auta. Kina ganin in ya ga ƙwarin zai gan ki. In bai gan ki ba kada ki zo ki cika mini gida da hawaye, omo ya yi tsada balle tsumman goge ƙasa."

Haka Yaya take, da baƙar magana take lallashi. Ran Asabar da hantsi na same ta ta yi masa wanka, ta sa masa riga mai ruwan toka, ta taje masa gemu. Ta raka mu har mota, ta leƙo ta taga ta ce, "Duba da kyau, ban sa masa rawaya ba."

A hanya na kasa riƙe bakina, duk da alkawarin da na yi wa kaina. Na nuna masa inda mai gyaran baburinsa yake a da. Na nuna masa shagon da yake saya mini alewa in ban fasa komai ba, abin da bai cika faruwa ba. Kowanne in ce, "Baba, ka tuna nan?" Shi kuwa ya riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu yana cewa, "Gari ya yi kyau. Gari ya yi kyau ƙwarai." Da muka isa ƙofar jami'a ko ɗaga kai bai yi ba. Maigadin ma sabo ne, bai san wanda na ɗauko ba.

Barandar sashe cike take da kwalaye, an ɗaure an jera ana jiran motar kwasa. An cire hotunan da ke bango, sai tabonsu. Baba na tafe a bayana da ƙananan taku, yana ba kowane kwali hanya kamar mutum ne. Na buɗe ofishina na ɗauko masa farar rigar aiki, na riƙe masa ya zura hannu. Ina shirin sa masa maɓallai sai na ga ya riga ya fara, daga ƙasa zuwa sama, bai tsallake ko ɗaya ba. A gida Yaya ce ke ɓalla masa riga. Na tsaya ina kallonsa har ya gama.

Na buɗe ƙofar waje muka shiga lungun. Hankalina na kansa, sai kawai na miƙa hannu zan tura ta ciki. Caraf ya riƙe mini wuyan hannu.

"Baiwar Allah, a rufe ta waje tukuna."

Shekarata nawa a ɗakin nan ban taɓa yin wannan kuskuren ba. Na ce, "Yi haƙuri." Na ja ƙofar ta rufu, ya sa tafin hannu ya tura ya ji, sannan ya gyaɗa mini kai.

Ɗakin na nan yadda ya bar shi, don ni ba mai sauya wa kaya wuri ba ce. Dogayen ƙwayayen lantarki a saman kanta, na'urar sanyaya ɗaki na gurnaninta, akwatunan raga a jere, kowane da tukwanen wake a ciki. Ga warin nan na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen ganye, wanda ya kori Yaya, ni kuwa in na shaƙe shi sai in ji kamar yanzu aka sauke ni daga babur. Baba ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ja numfashi. Kafaɗunsa da suka daɗe a ranƙwafe suka ɗan miƙe. Ya matsa kusa da akwatin farko, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"An bar waken nan ya tsufa," in ji shi.

Gaskiyarsa. Tun da Dakta ta yi mini magana ban kwashe su ba, na ce wa kaina wahalar me zan yi wa abin da zai shiga firiza. Ganyen ya fara yanƙwanewa, ya yi danƙo, ƙwarin sun cunkushe a jikin kara.

"Ina sabon?"

Sabon na nan a kan kantar ƙasa. Na shuka shi ranar da na saba shukawa, ban ma yi shawara da kaina ba, hannu ne ya yi aikinsa. Na ɗauko tukunya biyu na ajiye a kan tebur. Ya ja kujerar ya zauna, ta yi gefe, sai ya sa ƙafa ya laluba ƙasa ya tura murfin kwalbar ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ko kallo bai yi ba. Ya zaɓi buroshi a cikin kofi, ya tsoma bakinsa a ruwa, ya murza a bayan hannunsa har ya yi tsini. Ya juya ganye ɗaya da ɗan yatsa.

Nan hannun ya ci amanarsa. Bakin buroshin na ta rawa, ya taɓa ganye, ya taɓa iska, ya kasa samun bayan ko ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa. Na ga ya janye hannun da sauri don kada ya ture wata. Ya ajiye buroshin ya murza ido.

"Idona ya yi hazo yau," in ji shi. Ya juyo ya dube ni. "Ke sabuwa ce a nan?"

Maganar ta zo mini har baki. Baba, ni ce, ni ce Fisgau, ni ce na gaji kujerar da kake kai. Na ji ta tana tura haƙorana. Sai na ga fuskarsa. Rabon da in ga fuskar nan ba tsoro a cikinta har na manta. Mutum ne a wurin aikinsa, yana tambayar abin da yake da ikon tambaya. Na haɗiye.

"Sabuwa ce," na ce.

"To ba komai, kowa da haka ya fara. Jawo kujera. An nuna miki yadda ake ɗaukarsu?"

"Ba a nuna mini sosai ba."

"Ba a nuna wa mutane komai yanzu. Riƙe nan. A'a, kusa da baki, kamar alƙalami. Kin ga waccan babbar, ta kusa da jijiyar ganye? Bakinta na ciki. Kada ki ɗauke ta. Gaishe ta kawai za ki yi."

Na taɓa bayanta. Ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Dakata."

Na dakata.

"Sake gaishe ta."

Na sake. Ta ɗan girgiza gindi, ta ci gaba da shan abinta. Aikin da nake yi ido rufe, yau ga shi ina yin sa kamar ranar da aka ɗauke ni aiki. Baba ya matso da kansa kusa da nawa har ina jin ƙamshin sabulun da Yaya ta yi masa wanka da shi.

"Wannan mai taurin kai ce," in ji shi a hankali, kamar kada ta ji. "Irinsu su ne masu haihuwa da yawa. Kada ki ji haushinta. Ba ƙin ki take yi ba, ta yi nisa ne a ciki, fitowar sai a hankali. In kika matsa mata, abin da kike so ki ɗauka shi za ki karya."

Na riƙe buroshin kusa da ita, ban taɓa ba, ban janye ba. Na'urar sanyi na ta gurnani. Can sai ta ɗaga kai, ta zare bakin, ta tsaya kamar mai tunanin inda ta ajiye takalmi, sannan ta tako ta hau buroshin da ƙafafunta. Na kai ta kan sabon ganye ta sauka.

"Madalla," in ji Baba. "Saura 'yan uwanta."

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Shi ke zaɓa, ni ke ɗauka. Ya ce waccan ta tsufa a bar ta, waccan ta fara fuka-fuki ba a tafiya da ita, waccan kuwa ciki gare ta a bi ta a hankali. Na san sarai jibi duk za su shiga firiza, da wadda na ɗauka da wadda na bari. Amma tunda na fara aikin nan ban taɓa kwashe su da kulawa irin ta ranar ba, ko ɗaya ban karya wa baki ba.

Da muka cika tukunya ta biyu ya jingina da kujera yana kallon hannuna.

"Hannunki na da kyau. Za ki daɗe a aikin nan." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. "Ina da wata 'ya, ƙarama, ina zuwa da ita ran Asabar. Kai gare ta kamar me, abu sau ɗaya ake gaya mata. Amma jira, ina. Fisga take yi. Ta kashe mini 'yan mata sun fi a ƙirga."

"To me ya sa kake zuwa da ita?" na tambaye shi.

"Haka uwarta ke cewa. Ta ce in bar mata ita a gida, ɓarna kawai take yi mini." Ya sunkuyo ya rage murya. "Kada ki gaya wa kowa. Ni nake cewa a ba ni ita. Ɗakin nan shiru ya yi masa yawa in ba ta ciki."

Duk tsawon rayuwata na ɗauka korata ake yi daga gida. Na juya na shiga gyara ragar akwati, wadda ba abin da ya same ta, har sai da idona ya washe.

"In kin haɗu da ita," in ji shi, "ki koya mata yadda kike yi ɗin nan. Ni ta raina ni."

"Zan koya mata."

Muka mai da tukwanen cikin akwati, na zuge ragar. Ya wanke buroshin da kansa, ya tsayar da shi a kofi baki sama. A lungu na rufe ƙofar ciki, ya sa tafin hannu ya tura, sannan na buɗe ta waje. Da ya cire farar rigar a baranda sai na ga kafaɗun sun koma yadda suke, ya shiga waige-waige yana ba kwalaye hanya. Na riƙe masa hannu har mota, ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo mai kirki.

Na tayar da mota. Wannan karon ban nuna masa komai ba. Na ce a raina abin da na samu ya isa, ko da yake bai isa ba, ƙarya nake yi wa kaina. Na dai bar shi da tagarsa. Muka wuce gonar gwaji, muka wuce sabon ginin da gilasansa, muka gangaro ƙofar jami'a. Maigadi na can yana sallamar wata mota, na rage gudu na tsaya ina jira ya ɗaga mana ƙarfen da ke tare hanya.

Baba na kallon gaba, hannunsa a kan gwiwa.

"Fisgau," in ji shi, "kin rufe ƙofar ciki?"

Duk jikina ya ce in juya in rungume shi, in ce ya sake faɗa, in ce ya dube ni ya faɗa. Na damƙe sitiyari da hannu biyu. Ban juya ba.

"Na rufe, Baba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To mu je gida. Mun daɗe, kada uwarki ta fito da mayafin nan."

Sai da maigadi ya ƙwanƙwasa mini gilashi sannan na ga ashe tuni ya ɗaga ƙarfen. Na saka giya na tuƙa a hankali, kamar na ɗauko kwano cike da ruwa, ban ce uffan ba har gida.